Kunnen da Na Yi wa Shaddar Kabo

Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Yau kwana tara da Baba Mijinyawa ya faɗi a bakin rumfa. Hannun dama bai dawo ba, baki ya ɗan karkace. 'Yarsa Rauda ta ɗauke shi zuwa gidanta a Nkomkana. Makullin rumfar bugu yana wuyana. Shekara goma sha ɗaya ina zaune gefensa ina dukan shadda a kan gungumen nan, ban taɓa jin nauyin guduma kamar na kwanakin nan ba.

Bugun ba shi ne abin tsoro ba. Kunnen ne.

Duk shaddar da aka kawo mukan buga, mu ninke, mai ita ya ɗauka. Amma kafin ninkin ƙarshe Baba yakan zari zare ɗaya daga gefe, ya ƙyasta ashana. In ya ci ya zama toka mai laushi, auduga ce zalla, sai ya lanƙwaso kusurwa ɗaya waje kamar kunnen akuya. In zaren ya narke ya dunƙule, sai ya ninke sumul, ba kunne, ba magana. Bai taɓa buɗe baki ya ce kayan wani jabu ne ba. Matan unguwarmu Briqueterie da na Tsinga, har Elig-Edzoa, kunne suke dubawa kafin su tambayi kuɗi. Yanzu ni ke yin kunnen. Ranar da za a tafi da Baba ya ce min da karkataccen bakin nan, "Lado, kunnen nan ba nawa ba ne, na unguwa ne."

Laraba, 15 ga Mayu

Kabo ya dawo daga Duwala da sabon agogo, da ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Ɗan Kawu Mohaman Bello ne, taubashina. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara "bawana" yake ce min, ni kuma in ce masa "Yallaɓai mai ƙaton kai". A gidan ubansa muke zaune ni da Inna tun rasuwar babana, ɗaki biyu na bayan rijiya. Kawu ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita. Gidan yanzu Kabo ke juya shi.

Ya sauke dila biyu a rumfa. Shadda ruwan zuma, guda arba'in, mita biyar-biyar. Wai Hajiya Adawiyya ta Tsinga za ta aurar da 'yarta bayan Sallah, anko take nema na mata arba'in, kuma ta ce ko ƙyalle ba za ta karɓa ba sai da kunnen rumfar Baba.

Na zari zare. Ya riƙe min hannu yana dariya. "Bawana, bar wasa da wuta kusa da dukiya." Na ƙyasta duk da haka. Zaren ya narke, ya dunƙule, ya yi warin ledar da aka jefa a murhu.

Bai ko kalli hannuna ba. Tun daga Duwala ya sani.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ce wa Kabo zan buga, bugu aikina ne, amma ba kunne. Ya ce, "Wa ya ce ka yi ƙarya? Bakinka za ka buɗe? Lanƙwasa ƙyalle ne kawai." Na ce damfara ce. Ya ce, "Damfara ta ƙauyawa ce. Wannan wayo ne. Kasuwa ke nan."

Shi ya ce wayo, ni na ce damfara, shadda ɗaya. Na juya bayan littafin nan na fara jera sunayen abin. A aji huɗu na bar lekol, makarantar boko, amma jera kalmomi ba ya neman takarda. Damfara. Zamba. Algus. Ha'inci. Wanki. Fo-wan-nayin. Feiman. Ina so in san inda kowace ta fito, da abin da take nufi daidai, da inda ta tsaya. Wataƙila akwai wani ɗan fili tsakaninsu da kunne zai iya wucewa bai taɓa ko ɗaya ba.

Gaskiya dai, ƙofa nake nema.

Asabar, 18 ga Mayu

Na tsaya wajen Siddiƙ mai suya da la'asar. Haihuwar Kano ne, shekara ashirin a nan amma harshensa bai motsa ba. Na tambaye shi fo-wan-nayin. Ya ce lamba ce kawai, lambar wata doka a Nijeriya da ke kama masu karɓar kayan mutane da ƙarya. "Ka ga abin mamaki, doka aka kafa don a kama su, sai suka ɗauki lambar suka yi suna da ita."

Wanki fa? Ya ce wasu sun ce daga masu kawo baƙaƙen takardu a akwati ne, su ce kuɗi ne aka shafa wa tawada, ka kawo na maganin wankewa a raba. Shi dai a ganinsa ba sai an je nesa ba. "Ka taɓa ganin kwanon da mai yunwa ya gama da shi? Haka ake barin mutum. Tas."

Jabu kuma wai sunan wani gari ne can kudu aka lanƙwasa. Ya faɗi garin. Ba zan rubuta ba, ban taɓa zuwa ba, ban ga sun yi min komai ba.

Wani ɗan Bamenda da ke jiran nama ya sa baki da Faransancinsa mai gurguwar ƙafa. Shi a wajensa feiman daga kalmar Faransanci ta "yi" take, mutumin da zai yi ka. Abokinsa ya ce ƙarya ne, Pijin ce tsantsa. Suka yi ta musu har naman ya huce. Abin da suka yarda a kai ɗaya ne: feiman ba ya fizge, ba ya fasa ƙofa. Kai za ka miƙa masa da hannunka, har ka gode. Wanda aka yi wa kuma a bakinsu sunansa mugu. Siddiƙ ya ce, "Kalmarmu suka ara suka sa mata riga a baibai."

Duk wannan bayanin yana yi yana tura kitse ƙarƙashin tsoka a tsinke. Na gani.

Litinin, 20 ga Mayu

Ranar fet, bikin ƙasa, kowa ya tafi kallon fareti. Na rufe ƙofa rabi na fara bugun shaddar Kabo. Ƙaro, ɗan kyandir da aka kankare, yayyafin ruwa, guduma. Abin haushi, tana ɗaukar ƙyalli fiye da ta gaske. Sai dai kukanta daban. Ta gaske in guduma ta sauka tana amsawa daga ciki, dum. Wannan tas-tas take yi, kamar ana marin tebur.

Wa ke sauraren kukan shadda in ba mu ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Da safe a tsakar gida, Inna tana wanke-wanke, Kabo ya fito da buroshi a baki. Ya tsaya yana auna ɗakunanmu da ido. Ya ce, "Gwaggo, kin san 'yan jami'a nawa ke neman ɗaki a unguwar nan? In aka fasa ƙofa ta waje, biyun nan sun zama zinariya." Ya yi dariya. Ya juyo gare ni. "Wasa nake, bawana. Ai bawa mai biyayya ba a tashinsa."

Inna ta yi dariyar da ake yi wa taubasai. Amma kwanon da ke hannunta sau uku ta wanke shi.

Juma'a, 24 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci na bi Malam Baha'uddeen zuwa zaurensa. Shi ya karantar da ni allo. Na ce ina tambaya ne kan kalmomi. Ya ce, "Lado da kalmomi? Allah mai iko."

Algus ya ce Balarabiya ce, ta zo mana tare da karatu. Ita ce a cakuɗa marar kyau da mai kyau, ko a ɗora mai kyau a sama a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Ruwa a nono, tsakuwa a gero. Ha'inci ma daga can take, amma ta fi zafi, don ba a yi wa baƙo ha'inci. Sai wanda ya ba ka amana ya juya baya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in mutum bai yi magana ba fa? Bai ce mai kyau ce ba, bai ce marar kyau ce ba?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Mai zuba ruwa a nono, ka taɓa jin tana yi wa ƙwaryar jawabi?"

Bai tambaye ni don me ba. Da ya tambaya da ya fi min sauƙi.

Ƙofa ɗaya ta rufe.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ruwa tun safe. Shadda ba ta son danshi. Na buga goma sha bakwai, duk na bar su ba ninkin ƙarshe.

Talata, 28 ga Mayu

Inna ta gan ni da littafi ta ce me nake rubutawa kullum kamar mai shirin zama gwamna. Na ce mata sunayen cuta nake tarawa. Ta ce in sa zamba. Na ce tana ciki, amma ban san asalinta ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai san ba ta tafiya ita kaɗai. "Zamba cikin aminci ake cewa. Ka taɓa jin an ce zamba cikin gaba?"

Daga nan ta sauya murya. Ta ce Kawunka ya rufa mana asiri shekara goma sha biyar, ko sau ɗaya bai goranta ba. Ta ce duk abin da ke tsakanina da Kabo in bi a hankali, ita ta tsufa da ɗaukar tukwane a ka.

Ban gaya mata komai ba. Amma ta ƙirga kwanakin da muka yi ni da Kabo ba mu tsokani juna ba, na san ta.

Alhamis, 30 ga Mayu

Innalillahi.

Bari in rubuta a hankali.

Tun asuba nake bugu, kayan Sallah sun fara yawa. Na yi wa wasu mata shadda tara ta gaske, ɗaya bayan ɗaya, kowace na ƙona zare, kowace na yi kunne. Wajen azahar Kabo ya shigo ya zauna kan dila yana ba ni labarin wani ɗan sanda da akuya. Har na yi dariya, rabon da in yi dariya da shi an jima. Ya ce in ninke masa guda ɗaya cikin nasa ya ga yadda za ta zauna a leda. Na jawo, ina jin labari, hannu yana ninki. Ɗaya, biyu, uku. Sai da na ɗaga ido na ga ya daina magana.

Kunne. Yana tsaye a waje kamar na sauran taran.

Wallahi ban yi niyya ba. Hannu ne ya bi hanyar da ya saba tun safe. Na miƙa hannu in warware, ya riga ni. Ya rungume ta a ƙirji, ya ja baya yana dariya. "Allah ya yi maka albarka, bawana!" Na bi shi har titi ba takalmi. Ya haye moto, babur ɗin haya. Tsinga.

Na dawo na zauna kan gungume. Wata mata ta zo karɓar kayanta, ta shafa kunnen da ɗan yatsa ta ce, "Madalla, hankalina ya kwanta." Na kasa kallonta.

Ko da gangan ya ja ni da labarin akuyar? Ya san hannuna. Tare muka tashi.

Juma'a, 31 ga Mayu

Kabo ya kunna min saƙon murya a waya. Hajiya Adawiyya ce: "Kabo, na ga kunne, magana ta ƙare. Ku gama sauran, Laraba zan zo da kaina."

Ya kashe ya ce, "Ka riga ka jiƙe, me ya rage na tsoron ruwa? Talatin da tara ne kawai." Na ce kuskure ne. Ya ce, "To je ka gaya mata. Ka ce kunnen rumfar Baba yana fita da kuskure. Gobe duk macen da ke da shadda mai kunne a akwati za ta fito da ita ta duba. Ni ɗan kasuwa ne, an san ni da wayo. Kai fa, da me aka san ka?"

Abin da ya fi ciwo, bai yi ƙarya ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Na je Nkomkana duba Baba. Yana kan tabarma a baranda, Rauda tana ba shi kunu da cokali, yana hararar cokalin. Maganarsa ta ɗan fito. Na yi niyyar faɗa masa. Da na ga hannun nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, sai na tambaye shi damfara maimakon haka.

Ya ji daɗin tambayar. Ya ce kalmar magina ce. In bango ya tsage, maginin kirki yakan rushe wajen ya sake ɗorawa. Malalaci kuwa sai ya ɗebo laka ya damfara a kan tsagar, ya shafe, ya karɓi ladansa. Bango sumul har damina ta zo. "Unguwarmu ma ai sunanta, Briqueterie, daga bulo ya fito. Mun san laka."

Ya ƙara min wata da ba ta cikin jerina, sojan gona. Wai a zamanin kakanninsa wasu kan samo tsohon kakin soja su shiga ƙauye, a ba su kaji da ƙwai don tsoro. Kakin na gaske ne, mutumin ciki ne ba soja ba.

Na ce, "Baba, ina ka san duk waɗannan?" Ya ce, "Kana tsammani da kunne aka haife ni? Sai da na ga wata mata ta yi kuka a gidan biki saboda shaddar da ta fito daga hannuna. Ruwan sama ya same ta a hanya, rinin ya zube mata a jiki." Rauda ta ce ya isa, likita ya hana shi dogon zance.

Da zan tafi ya ce, "Rumfa lafiya?" Na ce lafiya lau.

Na damfara laka na taho.

Litinin, 3 ga Yuni

Na gama bugun talatin da taran. Suna jere a kan katako suna ƙyalli. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masha Allah.

Na duba jerin bayan littafi. Goma sha ɗaya yanzu. Ba wadda ta bar min fili. Amma kuma ba wadda ta faɗi abin da ya same ni daidai: mutum bai yi niyya ba, hannunsa ya yi, shi kuma ya yi shiru. Kwana huɗu ke nan ina shirun.

Talata, 4 ga Yuni

Na ce wa Kabo ya gaya wa Hajiya ta taho da guda ɗayan nan gobe, in sake mata bugu don ƙyallinsu ya zo ɗaya. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. "Yanzu ka zama mutum." Nan take ya kira ta.

Na yi masa wayo ke nan. Da kalmarsa. Ban ji daɗi ba, ban kuma fasa ba.

Na sayi sabuwar ashana, kada ta rumfa ta yi sanyi.

Laraba, 5 ga Yuni

Hajiya ta zo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da direba da ƙanwarta. Mace mai jiki, mai fara'a, ta tambayi jikin Baba kafin ta zauna. Ta ce shi ya yi wa shaddar aurenta kunne. Kabo ya sa babbar riga. Ya kawo mata lemo mai sanyi.

Na karɓi guda ɗayan daga hannun ƙanwar. Kunnen yana nan yadda na yi shi. Na sa a kan gungume. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ina so ki ga wani abu." Muryata kamar ta wani.

Na warware kunnen. Na zari zare.

Kabo ya taso. "Hajiya, rabu da shi, bawana ne, wasa muke tun muna yara. Kai, ajiye ashanar nan." Yana dariya, amma ya taka min ƙafa da takalmi har na ji ƙashi.

Karan farko ya karye. Na biyu ya kama. Zaren ya narke. Warin ya tashi, ƙanwar ta toshe hanci. Na jira ya huce, na ɗora ɗan dunƙulen baƙin nan a tafin Hajiya. Na zari wani daga tsohuwar shaddar wani malami da ke jiran a karɓa, na ƙona, na zuba mata tokar a ɗaya hannun.

Ta daɗe tana kallon hannuwanta biyu. Ana jin masu bugun rumfar gaba.

Ba Kabo ta fara kallo ba. Ni ta kalla. "To kunnen da na gani fa?"

Na ce ni na yi. Na ce hannuna ne ya yi bisa sabo, ban ƙona zare ba.

"Yaushe?"

"Alhamis, Hajiya."

"Yau Laraba." Ta kakkaɓe tokar. "Na riga na nuna wa mata arba'in. Na ce musu kunnen Mijinyawa ne, su kwantar da hankali. Kana da ƙafa, Tsinga ba Makka ba ce."

Na ajiye ashanar a kan gungume.

Ta juya ga Kabo. Ban taɓa jin an zagi mutum a hankali haka ba. Ta ce ta san ubansa tun yana sayar da hula a kasuwar Mokolo, mutumin kirki, ashe kuka ce mai haifar ƙaiƙayi. Ya fara cewa shi ma a Duwala aka cuce shi. Ta ce, "To an yi maka, ka zo ka yi min?" Ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ita da kunnen rumfar nan sai ranar da Mijinyawa ya tashi.

Bayan motar ta tafi Kabo ya tsaya yana kallona. Na jira zagi, ko mari. Sai ya ce, "Lado." Sunana kawai. Ban tuna rabon da ya kira ni da shi ba. Ya kira masu moto biyu suka kwashe dilolin.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na koma gida jiya na tarar da katifata da jakata a zaure, sabon kwaɗo a ƙofar ɗakina. Na Inna ba a taɓa ba. An ce Kawu ya buga sanda a ƙasa ya ce ƙanwarsa ba ta fita yana da rai. Ni bai ambace ni ba. Na shiga gaishe shi, ya amsa yana kallon bango.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure min tukunya ɗaya da bargo. Ta ce, "Da ka gaya min." Na ce da kin ce in yi me? Ta ƙara ɗaurin da ya riga ya ɗauru.

Na shimfiɗa katifa bayan gungume. Rumfar tana yoyo ta kusurwar gabas.

Lahadi, 9 ga Yuni

Labari ya riga ni zuwa Nkomkana. Rauda ta buɗe min ƙofa ba ta amsa gaisuwata sosai ba. Na durƙusa gaban Baba na faɗi duka, tun daga dila biyu har ashana. Na cire makullin daga wuya na ajiye a tabarma.

Bai taɓa shi ba. Ya ce in karanto masa jerin. Na karanta. Ya gyara min ɗaya. Na ce masa na nemi sunan abin da na yi ban samu ba, ba damfara ba ce cikakkiya, ba kuma kuskure ne kawai ba.

Ya ce, "Kwana nawa kunnen ya yi a waje?"

Na ce shida.

Ya ce, "To bai kai suna ba. Da ka bari ya kwana bakwai da mun yanka masa rago." Ya yi dariya, rabin bakin ne kawai ya yi. Sai ya daina. "Amma shidan nan naka ne. Kada ka yar da su."

Ya tura min makullin da hannun hagu.

Laraba, 12 ga Yuni

Bugu yana zuwa, Sallah ce. Amma ba mai cewa a duba masa zare. Wata ta karɓi kayanta, ta ga kunne, ta taɓe baki ta ce, "Wannan na gaske ne ko na sabo?" Siddiƙ ya aiko min da tsire biyu, ya ce in ci, ba algus. Kitse ne rabi.

Talata, 18 ga Yuni

An yi Sallah shekaranjiya. Na ci nama a ɗakin Inna, na fito kafin la'asar.

Tun makon jiya na sauya abu ɗaya, ba wani babba ba. Ba na ƙona zare ni kaɗai. Mai kaya nake miƙa wa ashana, ta ƙyasta da hannunta, ta murza tokar, sannan in yi kunne tana kallo. Yana cin lokaci. Wasu suna tsaki.

Yau ƙanwar Hajiya Adawiyya ta zo da shadda ɗaya a leda, shuɗiya, daga wani shago. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "An ce a duba." Na miƙa mata ashana. Toka. Na ninke, na tsaya a kusurwar ƙarshe, na ce in yi ko in bari? Ta ce, "Ka yi mana, me na zo yi?" Ta ce akwai talatin da tara a mota.

Na haɗu da Kabo a bakin masallaci da azahar. Na ce, "Ina wuni, Alhaji Kabo, an yi Sallah lafiya? Ya jikin Kawu?" Ya ce lafiya lau, madalla. Muka yi musafaha kamar mutanen kirki. Kansa yana nan da girmansa, na gani, "mai ƙaton kai" ta zo min har baki.

Ban faɗa ba. Ba wani abu. Aiki ne ya yi yawa.